Gyaran Hoto a Burauza: Yadda Aikin Yake da Abin da Ya Shafi Mai Nazarin Hausa



Hausawa na cewa gani ya kori ji, watau abin da ido ya gani ya fi ƙarfin abin da kunne ya jiyo. Shekaru da yawa hoto ya ci albarkacin wannan karin magana, domin an ɗauke shi tamkar shaidar da ba ta ƙarya. Manufar wannan lacca ita ce a duba wata hanya ta sarrafa hoto wadda ta zama ruwan dare, watau gyaransa a cikin burauza, wadda ita ce manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, kamar Chrome da Firefox. Za a dubi yadda aikin yake, sa'an nan a dubi inda ya taɓa rubutun Hausa, na boko da na ajami.

Gyaran hoto ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Mai hoto na dā, bayan ya wanke fim a ɗakin duhu, yakan bi shi da fensir ko ɗan buroshi ya rufe ƙurji ko ya rage tamoji a fuska. Masu mulki ma sun san amfanin wannan sana'a. A Tarayyar Sobiyet akwai sanannen hoton Stalin yana tafe a bakin wani magudanar ruwa tare da Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan ciki. Da aka kashe Yezhov a 1940, sai aka sake fitar da hoton babu shi, ruwa ya cike gurbinsa. Amma fa irin wannan aiki sai gwani, kuma yakan ci kwanaki.

A 1990 kamfanin Adobe na Amurka ya fitar da Photoshop, wanda wasu 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙago. Daga nan aikin ya tashi daga ɗakin duhu ya koma kan tebur. Duk da haka bai zama na kowa ba, domin manhajar tana da tsada, tana kuma bukatar kwamfuta mai ƙarfi. A 2013 kuma kamfanin ya daina sayar da sababbin fitowarta sayen har abada, ya mai da ita ta haya, ana biya wata-wata ko shekara-shekara. Ga ɗalibi ko ƙaramin maɗaba'i wanda kuɗin ƙasarsa ke faɗuwa a gaban dala, wannan haya ba ƙaramin nauyi ba ce.

Wannan giɓi ne manhajojin burauza suka cike. Ola Sevandersson, mutumin Suwidin, ya fito da Pixlr a 2008. A 2013 aka buɗe Canva a Ostireliya, kuma a wannan shekara ce Ivan Kutskir, wanda ke zaune a birnin Prague, ya fara fitar da Photopea. Shi kansa Adobe bai buɗe wa jama'a Photoshop na burauza sosai ba sai 2023. Abin da ya haɗa su duka shi ne ba sai mutum ya girka kome a kwamfutarsa ba. Ya rubuta adireshin shafi, shafin ya buɗe, kayan aiki su bayyana, ya jawo hotonsa ya kama aiki. Na farkonsu sun dogara ga wata fasaha da ake kira Flash, wadda aka daina tallafa mata a ƙarshen 2020, don haka sai da aka sake gina irin su Pixlr a kan sabon harsashi.

To, mene ne ainihin abin da ake gyarawa? A wurin kwamfuta hoto ba kome ba ne illa tarin ɗigo-ɗigo da aka jera sahu-sahu. Hoto mai faɗin ɗigo 4,000 da tsawon 3,000 yana da ɗigo miliyan 12 ke nan. Kowane ɗigo kuwa lambobi uku ne, na ja da na kore da na shuɗi, kowace lamba tana tsakanin 0 da 255. In aka haɗa su za a sami launi fiye da miliyan 16. Saboda haka idan aka ce an ƙara wa hoto haske, ma'ana an ɗaga waɗannan lambobi. Idan aka ce an share tabo, ma'ana an kwafo lambobin ɗigon da ke maƙwabtaka da tabon an ɗora a kansa. Mafi amfani a cikin dabarun aikin ita ce ta falle-falle. Ana ajiye asalin hoton a fallen ƙasa, rubutu a wani falle a samansa, ado a wani, kamar an jera takardu masu shara-shara, ana iya zare ɗaya ba tare da an taɓa sauran ba. Mai hankali ba ya taɓa fallen ƙasa.

Akwai wata tambaya da mai aiki ya kamata ya yi tun kafin ya jawo hoto cikin shafi, ita ce: ina hoton zai tafi? Manhajojin nan ba hali ɗaya gare su ba. Photopea yana sauko da kayan aikinsa cikin burauzar mutum, a can ake yin lissafin, hoton yana nan a kwamfutarsa. Talla ce ke biyan kuɗin hidimar. Canva kuwa yana ɗaukar abin da aka sa masa ya adana a manyan kwamfutocin kamfani. Kowanne da amfaninsa, domin na biyun yana ba mutum damar ya ci gaba da aikinsa daga wata na'ura, ko ya haɗa hannu da abokin aikin da ke wani gari. Amma hoton amarya, ko takardar filin gado, ko fasfo, ba abu ne da za a miƙa wa wanda ba a sani ba a ƙetaren teku ba tare da tunani ba. Galibi ba a karanta sharuɗɗan da ake latsa amincewa da su, balle ma ga su da Turanci irin na lauyoyi.

Yanzu sai a juyo ga abin da ya fi shafar wannan sashe. Yawancin aikin da ake yi da waɗannan manhajoji a ƙasar Hausa ɗora rubutu ne a kan hoto: katin ɗaurin aure, sanarwar wa'azi, bangon littafi, fastar ɗan takara. A nan ne ake cin karo da baƙaƙen nan masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake amfani da ita a Nijar. Tun shekarun 1930 suka shiga rubutun boko, kuma tsarin Unicode, wanda kwamfutocin duniya ke bi, ya ba kowannensu lambarsa. Matsalar ba daga nan take ba. Yawancin salon baƙaƙe masu ado an zana su ne domin harsunan Turai, mai zanen bai tanadi ƙ ba. In aka buga ta, ko dai wani ɗan akwati ya fito a gurbinta, ko kuwa manhajar ta aro ta daga wani salo, ta tsaya a tsakiyar kalma kamar bare a cikin dangi. Mai aikin gaggawa sai ya zubar da lanƙwasar ya huta. Ta haka ne manyan baƙi suke komawa manyan baki a katin biki, ƙasa ta koma kasa a fastar siyasa. Abin dariya ne a kati ɗaya, amma yaron da ke tashi yana karanta ɗaruruwan irinsu a bango da waya, a wurinsu yake koyon rubutu fiye da yadda yake koya a aji. Magani kuwa yana nan kyauta. Salon Noto na kamfanin Google, da Charis da Andika na ƙungiyar SIL, duk suna da waɗannan baƙaƙe cikakku, kuma Photopea yana karɓar salon da mutum ya kawo daga kwamfutarsa.

Batun ajami ya fi wannan nauyi. Ɗalibai da yawa yanzu da wayarsu suke ɗaukar hoton tsofaffin takardu a zaurukan malamai ko a wuraren adana irin su Gidan Arewa da ke Kaduna. Takardar da ta yi shekara ɗari ta yi ja, ruwa ya taɓa ta, gara ta ci gefenta, don haka zuciya takan raya wa mutum ya tsabtace hoton. A nan haɗarin yake. Rubutun nan ɗigo ne ransa. A salon Magaribi da malaman ƙasar nan suka gada, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya ne a sama, kuma ɗigo ne a ƙarƙashin baƙi yake nuna wasalin e. Kayan share tabo bai san bambancin kashin ƙuda da ɗigon alƙalami ba. Haka kuma marubuta sukan sa wasula ko gyara da jan tawada, wadda takan koɗe kafin baƙa. Idan aka tsananta bambancin haske da duhu don rubutu ya fito raɗau, koɗaɗɗen jan yakan ɓace cikin farin takarda. Idan kuma aka mai da hoton baƙi da fari, an rasa hanyar gane hannun marubuci na farko da na wanda ya zo daga baya ya yi ƙari. Wanda zai yi sharhin waƙa daga irin wannan hoto, sai ya gina hujja a kan kalmar da mawaƙin bai rubuta ba.

Har ila yau akwai ɓarnar da ba a gani nan take. Tsarin JPEG, wanda aka tsayar a 1992, yana rage nauyin hoto ne ta hanyar zubar da wani abu daga cikin bayanansa. Duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa a wannan tsari, sai a ƙara zubar da wani. Aika hoto ta manhajojin hira ma yakan matse shi. Don haka ƙa'idar masu adana kayan tarihi ita ce a killace hoton asali yadda ya fito daga na'ura, a yi gyara a kan kwafe, a adana kwafen a tsarin da ba ya zubar da kome, kamar PNG ko TIFF, kana a rubuta abin da aka yi masa.

'Yan jarida sun riga malaman jami'a shan wannan darasi. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza ta Masar kusa da 'yar'uwarta don hoton ya dace da bangonta, ta kuwa sha suka. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya janye hotunan wani mai hoto bayan an gano ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Beirut lokacin yaƙi. Iyakar da suka shata ita ce, a iya daidaita haske da launi, a iya rage gefe, amma ba a ƙara abin da babu, ba a cire abin da ke akwai.

Tun daga 2023 wannan iyaka ta ƙara wuyar tsarewa, domin an shigar da ƙirƙirarriyar basira cikin kayan gyaran. A dā manhaja kwafowa take daga wani sashe na hoton. Yanzu kuwa, in aka nuna mata gurbin da gara ta ci, tana iya ƙaga abin da take zaton ya dace ta cike shi, har da abin da ya yi kama da rubutu, da launin tawada da karkatar alƙalami. Saboda haka ya kamata sassan Hausa su sa wa ɗalibansu sharaɗi, cewa duk hoton takardar ajami da zai shiga kundin digiri a kawo shi biyu, na asali da gyararre, gefe da gefe, tare da bayanin manhajar da aka yi aiki da ita da abin da aka taɓa. Gurbin da gara ta ci kuwa a bar shi gurbi, a nuna shi da ɗigo-ɗigo a cikin juyin boko kamar yadda masu tahƙiƙin littattafai suka saba.