Me Ya Sa Ba Ka Iya Cewa A'a Idan An Zuba Maka Ido?

Yau daga kasuwar Dawanau zan fara, nan ƙaramar hukumarmu ta Dawakin Tofa.

Kawuna hatsi yake sayarwa a can. Kwanaki wani ya kira shi a waya yana neman bashin masara buhu 10 zuwa bayan kasuwa. Kawu ya ce wallahi babu hali, ya kashe waya. Washegari sai ga mutumin da ƙafarsa, ya zauna a benci, suka gaisa, ya dube shi ya maimaita roƙon. Buhu 6 ya tafi da su. Na ce, "Kawu, ba jiya kun ce babu hali ba?" Ya ce, "Kai dai bari, ɗana, ido da kunya."

To, wannan magana ta kawu, masu binciken ƙwaƙwalwa sun daɗe suna bin ta da na'ura. Tun daga haihuwa ma abin yake farawa. A 2002, Teresa Farroni da abokan aikinta sun nuna wa jarirai 'yan kwana 2 zuwa 5 hotunan fuska, sai aka ga sun fi daɗewa suna kallon wadda idonta ke kansu. Jinjirin da ko suna ba a raɗa masa ba fa! Kuma a can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe, amigdala, mai saurin ankarar da kai cewa ga abin lura. Ido na cikin abubuwan da ke zaburar da shi.

Amma wanda ya fi burge ni shi ne na Jari Hietanen a Jami'ar Tampere, ƙasar Finlan, a 2008. Ya zaunar da mutane gaban wani gilashi da ake buɗewa a rufe, a bayansa akwai mutum na gaske. Idan mutumin nan ya kalle su kai tsaye, na'urar auna gumin fata takan nuna jiki ya tashi, aikin gaban ƙwaƙwalwa kuma ya karkata irin na mai son matsowa kusa. Da aka sa hoton fuskar maimakon mutumin, wannan bambanci bai fito ba. Wato ba idon ne kawai ba, sanin cewa wani na ganin ka ne. Kai kana zaton lissafin riba kake yi, alhali jikinka ya riga ya shiga wani lissafin: me zai ɗauke ni idan na hana shi?

Kila kun taɓa jin labarin Jami'ar Newcastle a Ingila, 2006, inda aka liƙa hoton idanu a wurin shan shayi, kuɗin da mutane ke jefawa a akwati ya kusa ninka uku. Labari mai daɗi, sai dai da aka tattara gwaje-gwajen da suka biyo baya a 2017, ba a ga hoton ido na ƙara kyauta yadda aka zata ba. Don haka kada wani ya je ya liƙa hoto a shago ya sallami mai gadi.

Ga inda nake so mu yi hattara. Da yawa muna cewa wanda ya kasa haɗa ido da kai maƙaryaci ne. Bella DePaulo da abokanta sun tattara bincike sama da 100 a 2003, suka ga kauda ido kusan ba ya nuna komai game da ƙarya. Mu kuma a nan, yaron da ya sunkuyar da kai gaban surukinsa ko malaminsa tarbiyya ce. Ɗan damfara kuwa, shi ne ma zai ƙura maka ido yana rantsuwa, don ya san abin da kake nema.

Ni abin da na koma yi, idan an zo min da maganar bashi ko tsayawa wani, sai in ce a ba ni zuwa gobe. Idan na koma ɗaki babu mai kallona, amsar kan canza, wani lokaci kuma ba ta canzawa, sai in bayar da zuciya ɗaya.

Masarar kawu kuwa, an biya buhu 4. Sauran biyun, mutumin yanzu ta waya yake ba da haƙuri.