Ciwon Ampli Mai Zuwa Yana Komawa: Jawabin da Aka Yi Gaban Taron Ƙungiya



An ce mu da ke taɓa gyaran rediyo mu yi magana kan amplin ƙungiya, don wasu sun kawo shawara a taɓa asusu a sayo sabo. Mu dai roƙonmu a dakata tukuna. Amplin da ya mutu sarai ba shi da wuyar sha'ani, awo ɗaya ko biyu an gane abin da ya ƙone. Mai wuya shi ne irin namu, wanda zai yi magana lafiya lau tun safe, sai ana tsakar sanarwar awon yara ko rabon iri ya ɗauke, ko ya kama ƙara kamar ana toya ƙosai. A kai shi birni, ya yi kwana uku gun mai gyara bai ko yi tari ba, kuɗin mota sun tafi banza.

Kada a yi gaggawar kwance shi, don sau da yawa laifin na waje. A sauya mikoro, a sauya wayarsa, a murza ta daidai wuya, nan ne take karyewa roba ta ɓoye. A duba batir. Batir mai volt 12 in ya tsufa yakan nuna kamar cikakke, amma da mai magana ya ɗaga murya sai ƙarfinsa ya faɗi, ampli ya ɗauke. A ƙirga oparlar kuma. Biyu masu om 8 in an haɗa su bakin waya guda sun koma om 4, huɗu sun koma om 2. Amplin da aka yi don om 4 sai ya yi zafi, ya kashe kansa don ya tsira, in ya huce ya dawo. Wannan ba ciwo ba ne, jaki ne aka aza wa kayan raƙumi. Samari masu ƙara oparlar ranar biki, da ku muke.

In waje lafiya, to sai ciki. Amma a ji da kyau: manyan kondansater, waɗanda suka yi kama da gwangwani, suna riƙe wuta ko bayan an cire kuran. Wanda bai san yadda ake sauke ta ba kada ya sa hannu.

Yawancin irin wanga ciwo daga liƙi yake. Kowane abu da ke bisa allon ampli ƙafarsa na liƙe da dalma ta ƙasa. In an kunna ya yi zafi, ƙarfe ya buɗa. In an kashe ya tsuke. Ƙafa da dalma da allo ba su buɗawa daidai da juna, shekara da shekaru sai liƙin ya tsage, tsaga siririya kamar gashi kewaye da ƙafar. Da sanyin safiya tana haɗe, da rana ta yi sai ta buɗe. Ga kuma jijjigar amalanke da babur. Inda ya fi tsagewa: ƙafafun manyan taranzisto da ke ɗaure jikin ƙarfen sanyaya, da manyan rezistans masu zafi, da rele, da ramukan da ake cusa waya ana cirewa kullum.

Yadda muke nemanta, sai mu kunna ampli da murya kaɗan, mu ɗauki busasshen tsinke na itace, ba ƙarfe ba, hannu ɗaya kawai, muna ƙwanƙwasa allo a hankali wuri wuri. Inda murya ta katse ko ta dawo, nan ne unguwar ɓarawo, saura gidansa. Sai a kashe, a juya allo, a duba da gilashin ƙara gani cikin hasken rana. A kwashe tsohuwar dalma a sa sabuwa. Liƙin da, mai kashi 60 kuza kashi 40 dalma, yana narkewa wajen digiri 190. Tun 2006 Turai ta hana sa dalma cikin yawancin kayan lantarki, liƙin sabbin kaya kuwa sai ya kai wajen digiri 217. Shi ya sa ƙarfen liƙi marar ƙarfi ke barin dunƙule a bisa, ƙasa ba ta kama ba, bayan wata biyu ciwo ya dawo.

In ƙwanƙwasa ba ta nuna komai ba, sai a gwada da zafi da sanyi. A kusantar da ƙarfen liƙi ga abin da ake zato ba tare da taɓawa ba, a ji ko ciwo zai taso. In ya taso a ɗiga masa alkol kaɗan da auduga, a ji ko zai kwanta.

Ƙurar hunturu ita ma tana da nata. Tana shiga abin murɗa murya ya riƙa ƙarce-ƙarce. Maganinsa feshin wanke kayan lantarki, ba man gyaɗa ko baƙin mai ba. In murya ta ɓace amma da an murɗa da ƙarfi sai ta dawo, a zargi bakin rele, ya yi datti. Da damina kuma ƙurar da ta kwanta kan allo takan sha laima ta zama hanyar wuta. Ba mu ma zancen ɗakin zanzaro da kashin kyankyaso.

Kondansater kuwa zafi ke cinsu. Jikinsu an rubuta digiri 85 ko 105, kuma duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansu biyu. Ku tuna ƙasarmu bazara na wuce digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano. Wanda kansa ya kumbura, ko ampli ya kama gurnani, a sauya shi da mai lamba ɗaya, mai 105 in an samu, a kula da ƙafar da ke da alama.

Mai gyaran da zai sauya kaya goma lokaci guda ya ce ya gama, bai san wanne ne mai laifi ba, kuɗinmu ne yake caca da su. Kada a cika masa ladansa sai ampli ya yi aiki awa huɗu ko biyar da tsakar rana, murfi a rufe.

Abin da muke nema ga taro: a ba mu sati biyu. A sayi ƙaramin littafi a aje gun mai riƙon ampli, duk sa'ad da ya ɗauke ya rubuta lokaci, da minti nawa bayan kunnawa, da ko an taɓa shi, da oparlar nawa ke haɗe. A kuma ɗauke shi daga ƙasa a aza bisa tebur, nesa da bango, a daina rufa masa zane yana aiki. In sati biyu sun cika mu kawo wa ma'aji lissafin abin da gyara zai ci, a gwama da kuɗin sabo.