Kogi Yana Maimaita Halinsa, Mu Ma Haka



Za mu fara da kogin da ke bayan gidajenmu. Duk wanda ya tashi a bakin Kwara ya san ruwan nan yana cika sau biyu a shekara. Cikar farko ta damina ce, wajen Agusta zuwa Oktoba, lokacin da gulabe irin su Gulbin Sakkwato ke kwararo ruwa mai laka, shi ya sa masana ke ce mata farar ambaliya. Ta biyu tana isowa cikin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu, alhali ko ɗigo bai sauka a ƙasar Yawuri ba. Ruwan sama ne da ya zuba a tsaunukan Gini watanni da suka wuce, ya bazu a fadamun ƙasar Mali, ya zubar da lakarsa a can, sannan ya gangaro mana garau. Ita ce baƙar ambaliya. Baƙon da ya ga ruwa na ƙaruwa cikin Janairu zai yi mamaki. Sarkawa da Gungawa ba sa yi, domin sun ga abin shekara da shekaru, sun kuma tsara kamun kifinsu da nomansu a kansa.

Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafki ya shanye tsibirai da gonaki, aka tashi mutane sama da dubu 40 zuwa sababbin matsugunai. Lissafin da iyayenmu suka gada ya rikice. Sai suka sake zuba ido, suka koyi lokacin da tafkin ke cika da lokacin da yake janyewa, suka riƙa bin bayan ruwa da shuka. Wannan lura ita muke so mu ara daga gare su, mu juya ta kan rayuwarmu.

Mu duba rajistar aji. Kullum da safe muna kiran suna, mu ja layi, mu rufe. Da wuya mu zauna a ƙarshen zango mu karanta ta daga farko zuwa ƙarshe. Da za mu yi haka, da mun ga cewa yaron da muke kira malalaci ranar kasuwa yake ɓacewa, yarinyar da muke yi wa faɗa lokacin cirar albasa take fashi, yaran ƙauyen tsallake kuwa sai ruwa ya cika suke makara. Fashin kwana ɗaya ba ya gaya mana kome. Fashin da ke dawowa rana guda kowane mako yana gaya mana halin da gidan yaron ke ciki. Malamin da ya gane haka zai je ya zauna da uban yaron tun kafin kakar albasa, ya kuma guji sa gwaji ranar da ya san rabin aji na kasuwa.

Mu duba aljihunmu. Da yawa cikinmu albashi na shigowa, kafin mako biyu mun koma wurin mai shago da littafin bashi. Kowane wata mukan ce wannan karon lalura ce ta faɗo. Gaskiya ne albashin ya yi kaɗan, tsadar kaya kuma ba mu muka kawo ta ba. Amma Sallah ba ta taɓa zuwa ba sanarwa, haka kuɗin makarantar yara, haka zazzaɓin damina. Abin da ke dawowa kowace shekara a lokacinsa ya cancanci a yi masa tanadi, ko da ta hanyar adashi ne tsakanin malaman makaranta guda.

Mu duba zuciyarmu. Wani cikinmu bai san cewa bulalarsa ta fi sauka a darasin ƙarshe ba, lokacin da rana ta take, yunwa ta kama shi. Wata ba ta lura cewa duk ranar da ta fito gida da ɓacin rai, ajinta ne ke biya. Iyalanmu da ke zaune a nan sun san waɗannan halaye namu fiye da mu, domin laifi tudu ne. Mu tambaye su, mu kuma daure da amsar.

Rashin lura yana da tsada, mu mutanen bakin ruwa mun ɗanɗana. A watan Mayu na 2021 jirgin ruwa ya kife a kusa da Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski, aka rasa rayuka masu yawa. Allah Ya jiƙansu. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, mun kuma yarda da ƙaddara. Sai dai duk wanda ya bi labarin haɗurran jirage a kogin nan zai ga abubuwa guda suna dawowa: lodi fiye da kima, tsufan jirgi, rashin rigar kariya. Mu da ke tsallake ruwa zuwa makarantunmu, sau nawa muka shiga jirgin da muka ga ya cika saboda kada mu makara?

Shawararmu ƙarama ce. Kowannenmu ya ware littafi guda irin na 'yan aji. Kowane dare ya rubuta layi uku: abin da ya yi kyau yau, abin da ya ɓaci, da abin da ya faru daf da ɓacin. Kada a yi wa kai hukunci, a rubuta kawai. Idan zango ya ƙare, a karanta shi a zama ɗaya, a ja layi ƙarƙashin duk abin da ya fito sau uku ko fiye. A zaɓi ɗaya tak a yi aiki a kansa a zango mai zuwa. A lura da na alheri ma: darasin da yara suka fi fahimta, me muka yi daban a ranar? Shi ma a maimaita shi da gangan.

An ce hali zanen dutse ne. Mu malamai ba za mu karɓi wannan magana gaba ɗaya ba, domin da hali ba ya gyaruwa da babu amfanin shigarmu aji. Mun sha ganin yaro ya sauya a hannunmu, babu dalilin da zai sa mu yanke ƙauna a kan kanmu.

Muna roƙon duk wanda ya gwada wannan littafi ya zo taron reshe na gaba da abu guda da ya gano, mu saurare shi. Allah Ya sa mu amfana.