Agogon Tudu da Agogon Fadama



Ni malamin Hausa ne, saboda haka daga bakin Bahaushe zan fara. Tsoho a Lahodu ba ruwansa da ƙarfe kaza. Cewa yake yi hantsi, ko walaha, ko rana tsaka, ko la'asar sakaliya, inuwarsa ita ce agogonsa. Agogon Nijeriya kuwa an saita shi bisa layin digiri 15 na gabas, alhali ƙasar Wurno tana wajen digiri 5 da rabi. Watau in rediyo ta ce sha biyu ta yi, sai an ƙara kamar minti 38, a tsakaicin ƙiyasi, kafin zawali a Wurno. Shi ya sa mai azumi a Maiduguri kan riga na Rabah shan ruwa da wajen rabin sa'a.

To, wannan juyawar ƙasa ce kurum, bugun agogon kowa ɗaya ne. Abin da Albert Einstein ya zo da shi ya fi haka nauyi. A 1905 ya nuna cewa agogon da ke tafiya da sauri yakan yi jinkiri in an gwada shi da wanda ke zaune. A 1915 ya ƙara da cewa ƙarfin da ƙasa ke jan abubuwa da shi, shi ma yana rage wa lokaci gudu. Alal misali, agogon da ke bisa tudun Wurno ya ɗara na fadamar Rima sauri. Ba agogon ne ya lalace ba, lokacin kansa ne ya bambanta, ko da yake ratar ba ta kai ta zama uzurin ɗalibin da ya makara ba.

An jarraba. A 1971 aka zaga duniya da agogunan atam cikin jiragen sama, suka dawo sun saɓa da na ƙasa kamar yadda lissafi ya faɗa. Agogunan taurarin ɗan'adam na GPS kuwa suna wuce namu da kashi 38 cikin miliyan na sakan kowace rana. (Dacewarta da lambar ɗazu katari ne kawai.) Ku ce wannan ai ba kome ba ne. Amma da za a bar shi ba gyara, direban da ya nufi Goronyo yana bin taswirar wayarsa, kuskuren da za ta yi masa zai riƙa ƙaruwa da wajen kilomita 10 kullum.