Ƙasar da Kwara ke kwashewa

Masu sauraro, ku dubi kogin Kwara a Yauri cikin watan Satumba. Ruwan ya yi kauri kamar kunu. Ƙasar gonaki ce, ruwan sama ya kankaro ta daga tudu, har da na Shanga, rafuka suka miƙa wa kogi. Ruwan da ke isowa daga Mali da hunturu kuwa garau yake, don ya sauke lakarsa a fadamun can.

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, yawancin lakar nan a gindin tafkin madatsar take kwanciya. Igiyar ruwa kuma tana cin gaɓa, gona na zaftarewa. Abin da ya fi damuna shi ne sare itatuwan bakin ruwa, alhali saiwoyinsu ne ke riƙe da gaɓar.