Hoto a Ajin Lissafi da Kimiyya



Rashin ɗakin gwaje-gwaje ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, amma wayar aljihunmu na iya rage asara. A shuka wake a gwangwani, a kafa rula a gefensa, a riƙa ɗaukar hotonsa kowace safiya har mako biyu. Yara da kansu za su karanta tsawon tsiron, su zana jadawalin girmansa. Kada a manta da rular. In babu ita, hoton ya zama na kallo kawai.

Sai dai waya ɗaya ba ta wadatar da aji mai ɗalibai ɗari. Ina roƙon reshe ya nemi hukumar ilimi ta ware kuɗin wanke manyan hotuna, kada nauyin ya koma kan albashin malami.