Motar Tsere da Motar Zuwa Aiki: Wace Ce Ta Dace da Mu?



Da aka ba mu damar yin magana a wannan zaure, wasu abokanmu sun yi mamakin jin cewa a kan mota za mu yi ta, alhali kuwa mafi yawanmu ko keke ba mu mallaka ba. Amsar da muka ba su ita ce, babu daren da zai wuce a ɗakunan kwananmu ba a yi gardamar mota ba, kuma abin da mutum ya daɗe yana sha'awa tun yana ɗalibi shi ne yakan fara kai albashinsa gare shi ran da ya kama aiki. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda aka yi rububin sayen motoci da babura bayan ƙarin albashin Udoji na 1974. To, tun da haka halin ma'aikaci yake, gara mu yi tunanin tun aljihu yana wofi, domin da safe ake kama fara.

Irin motocin da za mu duba su ne ƙananan nan masu ƙofa a baya, waɗanda a ido kamar motar cefane suke, amma an sa musu inji mai ƙarfi. Tarihinsu ba shi da tsawo. A farkon shekarun 1970 wasu 'yan ma'aikatan kamfanin Volkswagen na Jamus, cikinsu har da injiniya Alfons Löwenberg da jami'in hulɗa da 'yan jarida Anton Konrad, suka riƙa haɗuwa bayan an tashi aiki suna ƙoƙarin ƙara wa motar Golf kuzari. Aka nuna abin da suka ƙera a bikin baje kolin motoci na Frankfurt a 1975, aka fara sayar da ita a 1976 da sunan Golf GTI. Injinta lita 1.6 ne, ƙarfin doki 110, nauyinta kilo 810 kacal, iyakar gudunta kilomita 182 a awa. Kamfanin ya yi nufin ƙera 5,000 ne kawai, amma kafin a daina yin wannan samfurin na farko an sayar da fiye da 460,000. Abin da ya jawo mata kasuwa shi ne, mutum zai kai yara makaranta da ita da safe, ya sa buhun shinkafa a but da yamma, in kuma ya sami hanya mai kyau ta faranta masa rai. Faransawa suka biyo baya da Peugeot 205 GTI a 1984, Japanawa kuma da Honda Civic Type R a 1997.

Daga nan sai gasa ta shiga tsakanin kamfanoni, aka kuma sami wurin da ake auna ta. A yammacin Jamus, cikin tsaunukan Eifel, akwai wani filin tsere mai suna Nürburgring wanda aka buɗe a 1927. Zagayensa na arewa ya ɗara kilomita 20, yana da kwana bila adadin, tsakanin tudunsa mafi tsawo da gangarensa mafi zurfi kuwa akwai kimanin mita 300. A nan ne motar shahararren direban nan Niki Lauda ta kama da wuta a 1976, daga wannan shekara kuma ba a sake yin tseren Formula 1 a wannan zagaye ba. Sai masu ƙera motoci suka mai da shi ma'auni: wanda motarsa ta zagaya cikin ƙanƙanin lokaci, shi ke cika baki a talla.

Ga abin da gasar ta haifar a tsakanin motocin da tayoyin gaba ke ja. A 2016 Golf GTI Clubsport S ta zagaya cikin minti 7 da daƙiƙa 49. A 2017 Civic Type R ta yi minti 7 da daƙiƙa 43.8. A 2019 Renault Mégane R.S. Trophy-R ta yi minti 7 da daƙiƙa 40.1, watau a kan matsakaicin gudu na kimanin kilomita 160 a awa, duk da kwane-kwanen. Waɗannan lambobi su ne ake jefa wa juna a gardamarmu ta dare. Abin da ba a faye tambaya ba shi ne, me aka sadaukar kafin a same su?

Clubsport S ba ta da kujerar baya, an cire ta don rage nauyi, kuma guda 400 kawai aka ƙera. Trophy-R ma haka: an cire kujerar baya, an rage mata kilo 130, guda 500 aka yi, kuma wadda aka sa wa wili da birki irin na wadda ta kafa tarihin an sayar da ita a Ingila a kan fam 72,000 da 'yan kai, kuɗin da ya ninka na Mégane R.S. ta yau da kullum fiye da sau biyu. Jama'a, ku duba wannan al'amari. Motar da aka ƙirƙiro a 1976 don ta ɗauki iyali kuma ta yi gudu, bayan shekara 40 sai da aka sauke iyalin a bakin hanya don a rage 'yan daƙiƙoƙi.

Dalilin haka a fili yake ga duk wanda ya yi ɗan karatun kimiyya. Abin da filin tsere ke bukata da abin da hanyar zuwa ofis ke bukata sun saɓa wa juna a wurare huɗu.

Na farko shi ne sifirin da shokozoba. A filin tsere ana son su yi tauri, motar kuma ta yi ƙasa, don kada ta karkata in an shiga kwana da gudu. Wannan yana da amfani ne a kan kwalta mai santsi kamar faranti. A hanya mai ramuka kuwa, duk ramin da taya ta faɗa sai ka ji shi a ƙashin bayanka, duk tudun rage gudu da ka haura sai cikin motar ya goga.

Na biyu shi ne taya, kuma a nan muke so mu ɗan tsaya, don nan ne matasanmu suka fi ruɗuwa. Golf GTI ta farko tana da taya mai lamba 175/70 a kan wili inci 13. Ma'anar lambar ita ce faɗin tayar milimita 175 ne, tsayin gefenta kuma kashi 70 cikin 100 na faɗin, watau kimanin milimita 122 na roba da iska tsakanin ƙarfe da ƙasa. Civic Type R ta 2017 kuwa 245/30 ce a kan wili inci 20, watau milimita 73 da rabi kawai. Siririn gefe yana sa mota ta amsa sitiyari nan take, amma in ta daki bakin rami babu abin da zai shanye dukan, sai tayar ta yi ƙululu ko wilin ya lanƙwashe, kuma wannan ba aikin da mai faci na bakin titi zai iya ba ne. Ita kanta Honda, da ta fitar da sabon samfuri a 2022, sai ta sauko zuwa inci 19. Daɗin daɗawa, tayoyin da ake kafa tarihi da su robarsu mai taushi ce, zanensu kuma ba shi da zurfi. Suna manne wa busasshiyar kwalta, amma suna cinyewa da wuri, in kuwa ruwa ya kwanta a titi, kamar yadda yakan yi mana a watan Agusta, ba su iya korar shi, sai motar ta riƙa iyo.

Na uku shi ne birki. Fatar birkin tsere sai ta ɗauki zafi take kamawa sosai. Da sanyin safiya a cikin gari sai ƙara da ƙura. Haka nan in aka ɗauki motar gida aka shiga fili da ita, bayan 'yan zagaye man birkin yakan tafasa, ka taka feda ta nutse ba abin da ya kama. Kowanne da muhallinsa.

Na huɗu shi ne inji. Kusan duk waɗannan motoci na zamani suna da turbo, na'urar da ke cusa wa inji iska da ƙarfi, abin da ya sa injin lita 2 na Type R ta 2017 yake ba da ƙarfin doki 320. Irin wannan inji yana son fetur mai daraja, da baƙin mai mai kyau a kan kari, da iska mai tsabta. In ya ji man bai kai ba, kwamfutarsa takan rage masa ƙarfi don kada ya lalace. Ashe ke nan wanda ya biya kuɗin doki 320 zai iya tashi da ƙasa da haka, ga ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, ga zafin bazara yana gwada lagireto, ga fetur ya yi tsada tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023.

Kada a ce mun yi wa motocin rashin adalci. Akwai waɗanda suka yi ƙoƙarin raba gardama. Golf GTI ta yau da kullum har gobe tana da kujeru biyar da but mai kyau, ana kuma samunta da giya mai canza kanta, abin da ke hutar da ƙafar hagu a cikin cunkoso. A fili kuwa Type R za ta bar ta a baya. Ita Type R tana da shokozoba da ake sassautawa ko a ɗaure da maɓalli, but ɗinta kuma babba ne, don haka ta fi kusa da haɗa taura biyu a baki, sai dai giyarta ta hannu ce kawai, ga tayoyin da muka ambata. Toyota GR Yaris ta 2020, mai silinda uku da ƙarfin doki 261, duk tayoyinta huɗu ke ja, don an ƙera ta ne da tseren daji a zuciya, amma kujerar bayanta ta yara ce, but ɗinta kuma ba ya ɗaukar abin kirki. Trophy-R kuwa ta fili ce tsantsa. In aka ce mu jera su don ma'aikacin da mota ɗaya zai iya riƙewa, GTI ce a gaba. In don filin tsere ne, jerin sai ya juya.

Akwai wani darasi da ya fi kusa da gida. A 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna, ita wannan 504 ɗin ce ta lashe tseren Safari na Kenya a hannun Ove Andersson. Da tsayinta daga ƙasa da sifirinta mai shanye rami da juriyarta ta yi nasara, halayen da suka sa ta zama motar ma'aikata da direbobin tasha a ƙasar nan shekara da shekaru. A 1987 da 1988 kuma Peugeot 205 ta lashe tseren Paris zuwa Dakar, wanda a wancan lokacin yake ratsa hamadar Tenere da Agadas a Jamhuriyar Nijar. Amma fa wannan 205 ɗin suna da kama kawai ta haɗa da ta kasuwa: injinta a tsakiya yake, bayan direba, tayoyi huɗu ke ja. Kamfani yana yin tsere da wata mota ne don ya sayar maka da wata. Wanda ya fahimci wannan, talla ba za ta ruɗe shi ba.

Mun san cewa kaɗan ne a cikinmu za su sayi sabuwar Type R. Abin da ya fi yiwuwa shi ne tsohuwar Golf ko Civic 'yar Kwatano. Amma a nan ne ma maganar ta fi shafarmu, domin mun sha ganin saurayi ya sayi mota lafiyayya, ya kai ta gareji a yanke sifirin, a sa ƙaton wili, a fasa salansa, ya kashe albashin wata biyu don ya mai da ita abin da ba ta iya zuwa ƙauyensu. Shawararmu ga mai shirin saye ita ce ya tambayi kansa: wace hanya zan bi kullum? Mutum nawa zan ɗauka ranar sallah? Bakaniken unguwarmu ya san injin nan, kayan gyaransa kuma suna kasuwa? Nawa ne kuɗin taya huɗu in an kwatanta da albashina? Wanda ya amsa waɗannan da gaskiya ya gama rabin ciniki.

Saura magana ɗaya, ita ce mafi nauyi. Direban da ya zagaya Nürburgring da gudun 160 yana sanye da hular kwano, babu mota mai zuwa ta gabansa, babu mai talla, babu akuya, ga ma'aikatan ceto a tsaye. A titinmu kuwa doka ta ƙayyade wa ƙaramar mota kilomita 100 a awa a babbar hanya, 50 a cikin gari. Mota mai gudun 100 tana cinye mita 28 a kowace daƙiƙa. Mai gudun 160 tana cinye 44, kuma tazarar da birki zai bukata kafin ya tsayar da ita ta ninka sau biyu da rabi, domin tazarar tana ƙaruwa ne da ninkin gudun a kan kansa. Wannan hukuncin lissafi ne, ba ya duba ƙwarewar direba. Duk da haka, ranar ɗaurin aure ko ranar gama jarrabawar ƙarshe sai mu ga ana wasan mota a tsakiyar jama'a, ana juyi ana tada ƙura, mu kuma muna tafi. Babu wanda ke cikin zauren nan da bai taɓa jin labarin gidan da murna ta koma makoki ta wannan hanya ba.

Saboda haka muna roƙon shugabannin ƙungiyarmu su fito fili su hana wasan mota a harabar makaranta lokacin bukukuwan kammala karatu. Muna kuma roƙon yayyenmu da ke ma'aikatun wasanni da na ayyuka su tuna, in Allah ya kai su matsayin yanke shawara, cewa ƙasashen da suka ƙera motocin nan sun fara gina wa gudu wurinsa ne, mai shinge da dokoki. Sha'awar gudu ba laifi ba ce ga matashi, wurin yinsa ne ba mu da shi, kuma titin da iyayenmu ke tsallakawa zuwa masallaci ba zai zama madadinsa ba.

 Allah ya ba kowa abin hawa mai albarka, ya kai mu gida lafiya.